Ɓuntu, Ƙashi da Jema: Abin da Za Su Iya Yi wa Ƙasar da Guba Ta Shiga

Agwagi ne suka fara ƙarewa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a farkon shekarar 2010, kuma ba wanda ya ɗauki abin da zafi. Daga baya sai yara ƙanana suka shiga amai da ciwon ciki da shiɗewa, ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu komai. A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau suka lura da yawan sababbin kaburburan yara. Da aka kai jini ɗakin gwaji sai aka gano dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don neman zinare yana ɗauke da ita da yawa, ga shi ana kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gidan da yara ke rarrafe. A ƙauyuka biyu da aka fara bi gida-gida, an tarar kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Jimillar yaran da aka rasa ta kai aƙalla 400.

An ba dubban yara maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma likitoci sun dage cewa ba amfanin yi wa yaro magani a mayar da shi tsakar gidan da ta sa masa ciwon. Saboda haka aka kankare saman ƙasa da fartanya da shebur, aka zuba a buhuna, aka binne a ramukan da aka keɓe, aka kawo ƙasa mai tsabta aka shimfiɗa. An yi haka a Dareta da Abare da 'Yargalma da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru da Duza. Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin, bayan matasa sun matsa lamba a kafafen sada zumunta. An kwashe ƙasa da tarkacen dutse fiye da mita kubik 27,000 daga gidaje sama da 800. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Kwasar ƙasa ta ceci rayuka, kuma a inda gubar ta yi irin wancan yawa ba ta da madadi. Sai dai tsakar gida ake kankarewa. Wa zai kankare fadama? Wa zai kwashe ƙasar lambunan da ke shan ruwan masana'antu shekara da shekaru? Japan ta gwada, kuma ya kamata a ji abin da ta biya. A lardin Toyama, kogin Jinzu ya daɗe yana kwaso sinadarin kadmiyam daga mahaƙar Kamioka yana zubawa a gonakin shinkafa, har mata manoma suka kamu da cutar itai-itai, wadda ke lalata ƙoda ta kuma sa ƙashi ya riƙa karyewa. Gwamnati ta amince da musabbabin cutar a 1968. Aikin sauya ƙasar gonaki hekta 863 ya faro a 1979, bai ƙare ba sai 2012, ya ci yen biliyan 40 da ɗoriya. Wani babban nazari da aka wallafa a mujallar Science a 2025 ya ƙiyasta cewa kashi 14 zuwa 17 cikin ɗari na gonakin duniya suna da wani ƙarfe mai guba fiye da ƙima. Babu ƙasar da ke da kuɗin kwashe wannan. Shi ya sa masana suka koma neman hanya mai arha, kuma abin da suka samo, mafi yawansa yana jibge a bayan injinan casar shinkafarmu da bakin mayankarmu.

Ƙarfe ba ya ruɓewa

Man fetur da ya malale a gona, ko maganin feshi, ƙananan halittun cikin ƙasa suna cinye su a hankali. Dalma da kadmiyam da kuromiyam da zaiba ba haka suke ba. Ba sa ruɓewa, wuta ba ta cinye su, ruwan sama sai dai ya sauya musu wuri. In ba a kwashe ƙasar ba, abu biyu ya rage. Ko dai a ɗaure ƙarfen a inda yake, ya kasa narkewa a ruwa balle ya shiga saiwar shuka ko rijiya, ko kuma a shuka abin da zai tsotso shi sama, a girbe, a fitar. Sharar gona aikinta ɗaurewa. Tsirrai kuwa wasu suna tsotsa, wasu suna riƙe ƙasa kawai. Rashin bambance waɗannan ayyuka biyu shi ne tushen mafi yawan ruɗun da ake yi kan batun.

Gawayin gona shi ne ya fi jan hankalin masu bincike. Ana samunsa ne idan aka ƙona ɓuntun shinkafa, ko totuwar masara, ko ɓawon gyaɗa, ko karan dawa, ko tukar rake, a wuta mai zafin digiri 400 zuwa 700, ba tare da an bar iska ta shiga sosai ba, a kuma kashe da ruwa kafin ya zama toka. Idan aka duba shi da madubin ƙara girma, ƙofofi ne birjik kamar saƙar zuma, kuma a jikin waɗannan ƙofofi ƙwayoyin dalma da kadmiyam ke maƙalewa. Bayan haka, gawayin yana rage tsamin ƙasa, su kuma waɗannan ƙarafa a ƙasa mai tsami suka fi narkewa. Na ɓuntun shinkafa yana da ƙarin wata baiwa: yana da sinadarin silika da yawa, wanda ke taimaka wa shinkafa ta rage jan kadmiyam zuwa ƙwayarta. Yin gawayin ba ya buƙatar masana'anta. Manoman Japan da Filifin suna kafa bututun kwano a tsakiya, su hura wuta a gindinsa, su tula ɓuntu kewaye da shi har ya yi baƙi. Don kara da totuwa kuwa, rami mai faɗin baki da tsukakken gindi ya wadatar, ana zuba su shimfiɗa bayan shimfiɗa.

China ce ta fi kowa gwada wannan a gona ta gaske, domin ita ce ta fi shan wahalar abin. Binciken da gwamnatinta ta fitar a 2014 ya nuna kashi 19.4 cikin ɗari na samfurin ƙasar gonaki sun zarce ƙa'ida, kuma kadmiyam ne kan gaba. Shekara guda kafin nan, an gwada shinkafar da ake ci a birnin Guangzhou, samfuri 8 cikin 18 suka faɗi, mafi yawansu daga lardin Hunan. Masu bincike na Jami'ar Noma ta Nanjing sun zuba gawayin karan alkama a gonakin shinkafa na lardin Jiangsu, tan 10 zuwa 40 a hekta, suka ga kadmiyam ɗin da ke cikin ƙwayar shinkafa ya ragu ƙwarai, kuma ragin ya ɗore wasu damuna bayan zubawa ɗaya.

A lura da wannan adadi, domin nan ne maganar ke sauka ƙasa. Ɓuntu kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shanshera, kuma idan aka ƙona shi kusan sulusinsa ne ke zama gawayi. Ke nan tan 20 na gawayi na buƙatar ɓuntu tan 60, wanda sai an cashe shanshera tan 300 za a same shi. Manomi ɗaya ba zai iya ba. Amma injinan casa na Kura da Kano da Haɗeja da Argungu da Birnin Kebbi suna fitar da shi tuli-tuli, wani a sayar wa masu kiwon kaji, wani a bar shi yana cin wuta yana turnuƙe unguwa da hayaƙi. Lambunan da suka fi buƙatar gyaran kuwa ƙanana ne, kwami-kwami ake noma su. A ganina a nan gawayin gona ya fi dacewa da mu: a lambu, ba a gandu ba.

Ƙashi ma yana da nasa aikin, musamman kan dalma. Sinadarin fosfet da ke cikinsa yana haɗuwa da ita su zama wani irin dutse da ba ya narkewa da sauƙi. A 2011 hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada wannan a wata unguwar talakawa a birnin Oakland, inda aka cakuɗa garin ƙashin kifi da ƙasar tsakar gidaje, sannan aka rufe samanta da ciyawa ko sabuwar ƙasa. Sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje bai zo ɗaya a ko'ina ba, ya danganta da irin ƙasar, kuma rufewar da aka yi tana da nata kaso a nasarar. Duk da haka, ƙashin shanu da ake ƙonawa a bayan mayanka ana niƙawa don abincin kaji abu ne da muke da shi a kowane babban gari. Kashin kaji da takin shanu da ya ruɓe sosai su ma suna riƙe ƙarfe, suna kuma juya kuromiyam daga nau'insa mafi haɗari zuwa mai sauƙin illa, sai dai su suna ƙarewa cikin 'yan damuna, gawayi kuwa yana daɗewa a ƙasa.

Akwai tarko guda da ya wajaba a sani. Abin da ke ɗaure dalma da kadmiyam yana iya kwance arsanik. Rage tsamin ƙasa da zuba fosfet duk suna sa arsanik ya saki ƙasa ya bi ruwa, kuma arsanik yakan zo tare da zinare a dutse ɗaya. Wanda ya zuba garin ƙashi a kusa da wurin wankin zinare ba tare da ya san abin da ke ƙasar ba, zai iya gudun gara ya faɗa gidan zago.

Tsirran da ke shan ƙarfe

A 1976 masana suka bayyana wata bishiya a tsibirin Sabuwar Kaledoniya mai ƙaro kore-shuɗi, wanda kusan rubu'in nauyinsa idan ya bushe ƙarfen nikel ne. Daga nan aka shiga neman irinta, aka samo ɗaruruwa. A 1983 wani masanin ma'aikatar noma ta Amurka, Rufus Chaney, ya kawo shawarar a riƙa noma irin waɗannan tsirrai don tsabtace ƙasa. A 2001 Lena Ma ta Jami'ar Florida ta wallafa cewa wani tsiro mai ganye kamar gashin tsuntsu yana tara arsanik a ganyensa ninki-ba-ninki fiye da yadda yake a ƙasa. A shekarar ce ambaliya ta kwaso tarkacen mahaƙai ta malale gonaki a gundumar Huanjiang ta kudancin China, kuma da wannan tsiro aka yi aikin gyaransu, ana shuka shi tsakanin layukan rake da bishiyar da ake kiwon tsutsar siliki da ganyenta, domin manomi ya samu abin sayarwa yayin da ake jira. A Albaniya ma manoma suna shuka wani tsiro mai rawayan fure a ƙasa mai nikel, a ƙona shi, a ciro ƙarfen daga tokar a sayar.

Labaran suna da daɗin ji, kuma shi ya sa ake yawan zuzuta su fiye da ƙima. Bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a 2011, mutane sun shuka furen nan mai bin rana da yawa, bisa labarin cewa ya yi aiki a wani kududdufi kusa da Chernobyl. Da ma'aikatar noma ta Japan ta auna, sai ta ga abin da ya cire daga ƙasa bai taka kara ya karya ba, kankare saman ƙasa ya fi shi nesa ba kusa ba. A ruwa tsiro yana samun abin a narke. A ƙasa kuwa, ƙasar ta riga shi riƙewa.

Dalma ta fi kowane ƙarfe taurin kai a nan. Bari mu yi lissafi mai sauƙi. Saman ƙasa mai zurfin santimita 20 a hekta guda yana da nauyin kusan tan 2,500. Idan kowane kilo na ƙasar yana da miligiram 1,000 na dalma, akwai kilo 2,500 na dalma a gonar. A ce an samu tsiron da ke ba da tan 10 na busasshen ganye da kara a shekara, kuma kowane kilo nasa ya ɗauko miligiram 1,000, wanda ba ƙaramin abu ba ne, to kilo 10 zai cire a shekara. Rabin dalmar kawai sai an shekara fiye da ɗari ana noma. A wasu wurare na Zamfara kuwa an auna fiye da miligiram 100,000 a kilo. An gwada zuba wani sinadari da ke narkar da dalma don tsiro ya sha da sauri, sai aka ga ragowar tana gangarawa ruwan ƙarƙashin ƙasa. Duk wanda ya ce zai tsabtace tsakar gidan da aka daka dutsen zinare da shuka, ko dai bai yi lissafin ba, ko yana neman kwangila. Kadmiyam dabam ne: kaɗan ne ke ɓata gona, miligiram ɗaya ko biyu a kilo, kuma tsirrai suna jansa da sauƙi, don haka cikin 'yan shekaru ana iya ganin ragi na gaske. Japan ta yi amfani da wasu irin shinkafa masu yawan jansa don wannan aiki, ana girbe su a ƙona, ba a ci.

Inda tsirrai suka fi amfani a wurinmu shi ne rufe ƙasa. A Zamfara ƙura ce ta kashe yara, wadda suka shaƙa ko suka kai baki da hannu. Tulin tarkacen dutse da aka bari a fili, iskar hunturu tana ɗaukarsa zuwa gari, ruwan damina yana kai shi rafi da tafkin da shanu ke sha. Jema, wadda muka sani a fadama muna yin faifai da malafa da ita, 'yar'uwarta ta Indiya ta yi suna a duniya wajen wannan aiki: saiwarta tana nutsawa mita uku ko fiye, tana jure ƙasa mai guba da fari da ambaliya, kuma mafi yawan ƙarfen da ta sha a saiwa yake tsayawa. Zurma da bini-da-zugu suna rayuwa a matacciyar ƙasa, dabba ba ta cika kula su ba, mansu kuma na masana'anta ne. Auduga ma ba a cin zarenta. A ruwa kuwa, kainuwa da kacala suna tsotse ƙarfe, ana iya kafa su a kududdufin tacewa kafin ruwan ya isa lambu.

Ina za a kai girbin?

Wannan ita ce tambayar da na fi damuwa da ita, kuma rubuce-rubucen da ake yi a Turai da Amurka ba sa tsayawa a kanta, domin a can abin da aka girbe ana kai shi tanderun masana'anta a binne tokar a wurin da doka ta tanada. Mu kuwa ba abin da ke fita daga gona a yar. Kara ya zama danga ko makamashi. Harawa ta tafi wurin tumaki. Ciyawar da aka bari a tsaye, makiyayi zai bi ta kanta da rani. Toka ma ba a zubarwa: mata suna tace ta su yi ruwan toka don miya idan ba kanwa, wasu su yi sabulu, saura a mayar gona. Ƙona tsiron da ya sha ƙarfe kuwa tattara ƙarfen yake yi a cikin 'yar tokar da ta rage. Rama misali ce mai kyau. Masu bincike suna yabonta saboda saurin girma da jan kadmiyam, kuma ana iya sayar da zarenta a yi igiya da buhu. Amma wace uwa ce za ta ga rama ta yi kore shar a bayan gari ta hana 'ya'yanta tsinko ganyen kwaɗo? Shirin da bai tanadi shinge da mai gadi da ramin binne toka da yardar mai gari da matan unguwa ba, ɗauko guba zai yi daga ƙasa ya sa ta a tukunya.

Don haka ne na fi karkata ga ɗaurewa da sauya abin da ake shukawa. Alayyafo da latas da sauran ganyaye sun fi kowa tara ƙarfe a ɓangaren da ake ci, karas kuma yana zuwa da ƙasa a jikinsa. Hatsi irin masara da dawa, da kayan lambu masu 'ya'ya irin tumatir, sun fi su tsira, domin ƙarfen yakan tsaya a saiwa da kara. Abin takaici, ganyayen nan su ne 'yan lambun cikin birni suka fi so, saboda suna saurin isa yanka kuma kasuwa na kusa. A Kano, rafin Jakara da na Getsi suna ɗauke da ruwan kwatami da na masana'antun Bompai, kogin Challawa kuma yana karɓar na Sharaɗa da Challawa, inda majemun zamani ke jima da gishirin kuromiyam. Da wannan ruwa ake ban-ruwa da rani. Malaman jami'o'inmu sun sha auna ƙasa da ganyen waɗannan wurare suna samun kuromiyam da dalma da kadmiyam, a wasu wuraren fiye da ƙa'idar da hukumomin lafiya da abinci na duniya suka gindaya. Ga kuma takin juji, wanda tun kaka da kakanni jakuna ke fitar da shi daga birni zuwa gonakin kewaye. A da toka ce da kashin dabbobi. Yau akwai matattun batura da gwangwanin fenti da tarkacen wayoyi a ciki.

Ban ga laifin ɗan lambu ba. Ruwan da ya samu da shi yake aiki, kuma korarsa daga bakin rafi ba zai tsabtace rafin ba. Amma gawayi ma yana da iyakar abin da zai riƙe. In ana zuba shi da safe ana kwararo ruwan majema da yamma, wata rana zai cika. Haka a wuraren zinare: wasu gidajen da aka gyara a Zamfara sun sake gurɓata da aka koma kawo dutse gida. Gwajin da aka yi da masu haƙa ya nuna fesa ruwa a bakin injin niƙa yana kashe mafi yawan ƙurar, haka wanka da sauya tufafi kafin a shiga gida. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024, kuma farashin zinare ya ninka abin da yake a 2010. Dalilin da ya kai dutse cikin turmi yana nan, har ya ƙaru.

Kayan aikin farko shi ne awo. Na'urar hannu da aka yi aiki da ita a ƙauyukan Zamfara tana nuna yawan dalmar da ke ƙasa cikin kusan minti ɗaya, kuma kuɗinta bai kai na motar babban jami'i guda ba. Ya kamata ma'aikatun noma da na muhalli na Kano da Kaduna da Zamfara da Neja su mallake ta, su haɗa kai da cibiyar binciken noma ta Samaru da jami'o'in Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo, a bi lambu-lambu a fitar da taswira: nan a kwashe, nan a zuba gawayi da ƙashi, nan a daina ganye a koma masara, nan a dasa jema a kewaye. A buɗe kwamin gwaji a gonar ɗan lambu na gaske, a auna ganyen kafin da bayan, a faɗa masa sakamakon da Hausa. Hukumar kiyaye ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, NESREA, kuma ta tsaya kan masana'antu su tace ruwansu kafin su sake shi, masu injinan casa su mayar da ɓuntun da suke ƙonawa gawayi.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannun kowa. Mai aikin zinare kada ya shigo da dutse ko kayan aikinsa inda yara suke. Uwargida ta wanke ganye sosai, ta feƙe karas, kada kuma ta yi ruwan toka da karan da ya fito daga bakin rafin masana'anta ko kusa da wurin wankin zinare. Yaron da ke zaune a irin waɗannan wurare, in ya fara yawan ciwon ciki ko shiɗewa, a kai shi asibiti a nemi a auna dalma a jininsa.